Yadda Ake Zaɓen Ragon Iri: Abin da Ɗan Tunkiya Ke Gada da Abin da Ke Ƙarewa a Turke

Shekarar da na fara kiwo da kuɗin kaina, wata Alhamis na yi sammako zuwa kasuwar Maigatari na sayo rago Balami, fari fat, mai doron hanci, wanda sai da mu uku muka cicciɓa shi muka sa a bayan mota. Ba don layya na saye shi ba. Iri nake so ya bar mini a cikin 'yan tumakina guda tara. Da muka sauke shi a ƙofar gida, baffana, ƙanin mahaifina da ya tsufa a cikin tumaki, ya fito ya zagaya shi sau biyu, ya danna gadon bayansa da tafin hannu, ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora. Sai ya ce, "Ɗan nan, wace tunkiya ce ta haifi ragon nan?" Na ce, "Baffa, ai a kasuwa na saya, ina zan sani?" Ya karkaɗe hannunsa ya ce, "To, dusar wani ka sayo."

Kafin wata biyu ragon ya zube, domin a gidana babu mai dama masa dusa da ƙowa sau uku a rana, abin da sauran suka ci shi ya ci. Bayan wata biyar tumakin suka fara haihuwa. Farin ya zo, doron hancin ma ya zo, wannan babu musu. Girman da na zuba kuɗi dominsa ne bai zo ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Maƙwabta suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ni kuwa har yau ban ga laifin dillalin ba, abin da idona ya gani shi ya sayar mini. Daga baya, da na sami damar yin kwas a kan kiwon dabbobi, na tarar da maganar baffa a rubuce da lissafinta. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda nake zaɓen ragon iri tun daga lokacin, kuma ina yi ne musamman domin masu tumaki biyar zuwa talatin irina, da iyayenmu mata da su ne masu yawancin dabbobin da ke cikin gidajen ƙauyukanmu.

Sai an fara fahimtar abin da ake gada kafin a ɗauki igiya a tafi zaɓe.

Akwai halin da ƙwayar gado ɗaya tak ke riƙe da shi. Mu nan mun san misalinsa a cutar sikila: idan miji AS ne matarsa ma AS ce, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Irin wannan gado ne Gregor Mendel ya bayyana a 1866 bayan ya shafe shekaru yana haɗa wani nau'in wake a lambu yana ƙirga abin da ya fito. Launin gashin tunkiya yana kusa da wannan, ƙwayoyi kaɗan ne ke yanke hukuncinsa, shi ya sa ragona ya bar mini farinsa ba tare da wahala ba.

Amma girman jiki, saurin girma, yawan nono, haihuwar tagwaye, juriyar tsutsar ciki, waɗannan ba haka suke ba. Aikin gayya ne. Ƙwayoyin gado ɗaruruwa ko dubbai ne suke taruwa, kowace ta yi 'yar kunyarta, wata ta ƙara ɗan kaɗan wata ta rage ɗan kaɗan, babu wadda za ka nuna ka ce ita ta nome gonar. Ronald Fisher na Ingila ne ya nuna da lissafi a 1918 cewa idan ƙwayoyi masu yawa suka haɗu a kan hali ɗaya, ba za ka ga gida biyu kawai na manya da ƙanana ba, sai dai ka ga jeri daga ƙarami zuwa babba, mafi yawa kuma a tsakiya. Zamaninmu ya tabbatar da shi: wani bincike da aka fitar a 2022 kan tsayin mutum, da ya duba mutane fiye da miliyan 5, ya gano wurare kusan 12,000 a cikin ƙwayoyin halitta da ke da hannu a tsayi kaɗai. Tunkiya tana da zaren gado, wanda masana ke kira kuromosom, guda 54. Ɗanta yana karɓar 27 daga gare ta, 27 daga rago, kuma kowane ciki da irin rabin da yake ɗauka. Shi ya sa za ka ga 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya yi jiki wannan bai yi ba.

A kan wannan gayyar kuma sai abinci ya hau, da ciwo, da nonon uwa, da lokacin da aka haihu. To a nan ne masana suka kawo ma'aunin da ni nake kira kason gado. Ka tara 'yan raguna ashirin sa'annin juna ka auna su, za ka ga wani ya fi wani. Cikin wannan bambancin da ke tsakaninsu, nawa ne ya fito daga jini wanda zai iya wucewa ga 'ya'ya, nawa ne kuma ya fito daga kwano da sa'a? Amsar ita ce kason gado. A binciken da aka yi ta yi kan tumaki a ƙasashe daban-daban, nauyi a lokacin yaye yakan kama wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, nauyin ɗan shekara yakan ɗan haura haka zuwa 30 ko 40, haihuwar tagwaye kuwa wajen kashi 10 ne kacal.

Mutane da yawa suna yi wa wannan ma'auni gurguwar fahimta, kuma abin yana damuna. Ba yana nufin kashi 30 na jikin ragonka daga ubansa ne sauran daga dusa ba. Magana ce a kan bambancin da ke tsakanin dabbobin garke guda a cikin yanayi guda. Kuma babban kaso ba ya nufin abinci ba shi da tasiri. Tsayin mutum yana da kason gado kusan 80 cikin ɗari a ƙasashen da ake ƙoshi, amma matan Koriya ta Kudu sun ƙara kusan santimita 20 a cikin shekara ɗari, ba don jininsu ya sauya ba, don abinci da lafiya sun gyaru. Idan na ji ana cewa yaron gidan wane gajarta gadonsu ce, alhali na san abin da ake sa wa a tukunyar gidan a watan Agusta, raina yana ɓaci, domin da wannan maganar ake rufe yunwa a bar yaro da ita.

Abin da ya fi amfani ga mai kiwo a cikin duk wannan shi ne cewa kason gado ba a kafe yake ba. Idan rabin 'yan ragunanka suna cin harawar gyaɗa rabi suna tsintar leda a bola, bambancin abinci zai binne na jini, ba za ka ga komai ba. Idan ka daidaita musu ci da sha da magani, bambancin da ya rage ya fi kusa da na gado. Duk aikin zaɓen iri a nan ya tsaya: ka kwatanta waɗanda suka tashi a hali ɗaya.

Saboda haka abu na farko, ka nemi ragon irinka a inda ka san tarihinsa, a garkenka ko na wanda kake shiga gidansa. Ragon kasuwa, musamman gab da Babbar Sallah, wata uku ko huɗu ya yi a turke ana ɗura masa, ba ka san shekarunsa na gaskiya ba, ba ka san uwarsa ba, ba ka san ko sa'anninsa sun fi shi ba.

Na biyu, littafi. Nawa irin na 'yan firamare ne mai shafi arba'in, yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar zaure cikin leda saboda gara. Duk ɗan da aka haifa ina rubuta ranar, sunan uwar (kowace tunkiya a gidana tana da suna, yara ne ke raɗa musu), uban idan na sani, namiji ne ko mace, shi kaɗai ne ko tagwaye, kuma haihuwar uwar ta nawa ce. Ina ɗaura masa zare mai launi a wuya don kada ya ɓace mini cikin sauran. Wadda ba ta rubutun boko ta rubuta da ajami, ko ta sa ɗanta ɗan makaranta ya riƙe mata littafin. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ɗan da ya burge ta ne, ta manta da ukun da suka mutu a hannun uwa ɗaya.

Sai awo. Ina da sikelin rataye irin na masu sayen hatsi, ina ɗaure shi a reshen darbejiyar tsakar gida. Na yanka tsohon buhun taki na huda masa ramuka huɗu na ƙafafu, sai a sa ɗan ragon a ciki a rataye, ya ɗan yi wutsil-wutsil ya natsu, allurar ta tsaya, in karanta. Ina yi da safe kafin su ci su sha, sau biyu a rayuwarsu: a wata uku lokacin yaye, da kuma a wata shida. Awon wata shida na fi ba wa muhimmanci, domin na wata uku rabinsa labarin nonon uwa ne. Wanda ba shi da sikeli ya ari tef ɗin tela ya auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba.

Wurin kwatantawa ne mutane suke faɗuwa. Ɗan da aka haifa shi kaɗai kusan kullum ya fi ɗan tagwaye nauyi, domin shi ya shanye nonon. Ɗan tunkiyar da ta yi haihuwar fari yakan kasa ɗan wadda ta yi ta uku. Wanda aka haifa da kaka, lokacin da harawa ta cika rumbu kuma gonaki suna buɗe, ba sa'an wanda aka haifa a bazara ba ne da ƙasa ta bushe ƙayau. Idan ka zaɓi mafi girma kawai, sau da yawa ɗan tilon da aka haifa a kaka za ka ɗauka, ka bar ɗan tagwayen bazara da ya kusa kamo shi duk da wahalar da ya sha, alhali na biyun ne mai jinin. Ni nakan ware su gida-gida: tilo da tilo, tagwaye da tagwaye, waɗanda ba su wuce wata ɗaya ko biyu a tsakaninsu ba. Sai in duba wa ya fi matsakaicin gidansa tazara.

Manoman gero sun san wannan tun da daɗewa ko da ba su kira shi da suna ba. Babu mai hankalin da zai cire zangarniyar iri daga gindin gawo, ko daga inda aka jibge taki kafin a watsa. Girman wannan zangarniyar na ƙasa ne. A tsakiyar gona ake nema, inda kowace shuka ta sami abin da 'yar uwarta ta samu, a ɗauki wadda ta fi na kewayenta.

Yanzu ga lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya sa rai, wanda Jay Lush na Amurka ya yaɗa a tsakanin masu kiwo tun shekarun 1930. Mu ɗauka matsakaicin 'yan ragunanka a wata shida kilo 20 ne, wanda ka zaɓa kuma kilo 26. Tazararsa kilo 6. Idan kason gado kashi 30 ne, abin da ke cikin jininsa daga wannan tazarar kilo 1.8 ne. Rabin gado kawai yake bayarwa, ɗaya rabin na uwa ne, don haka 'ya'yansa za su fi na bara da kusan kilo ɗaya. Idan ka zaɓi matan ma, ka sayar da na baya-baya ka riƙe waɗanda suka fi sa'anninsu, sai ka ƙara wani abu a kai. Francis Galton ya lura da irin wannan tun 1886 a tsayin mutane: 'ya'yan dogaye dogaye ne, amma sun fi iyayensu kusa da matsakaici. Abin da ya same ni da Balamina ke nan.

Na san kilo ɗaya ba ya cika ido. Amma ƙibar turke tana tafiya ranar da dusa ta ƙare, wannan kilon kuwa ya zauna a garke, badi ka ɗora wani a kansa. A jihar Ilinoi ta Amurka an fara zaɓen masara mai yawan mai a 1896, kowace shekara a ɗauki wadda ta fi a sake shukawa. Daga wajen kashi 5 cikin ɗari, bayan zaɓe ɗari man ya haura kashi 20. Ƙwayoyin da ke cikin gayyar suna da yawan da ba a saurin ƙure su.

Game da tagwaye, kada ka biya kuɗi mai yawa don an ce maka rago ɗan tagwaye ne. Da kason gado na kashi 10, abin da zai ba ka kaɗan ne ƙwarai. Ƙara wa tumaki abinci makonni biyu zuwa uku kafin barbara ya fi kawo tagwaye a shekarar. Idan kana so ka bi ta jini, uwar za ka duba, kuma ba haihuwa ɗaya ba: wadda ta yi tagwaye sau uku cikin huɗu ta kuma raine su duka har yaye, ɗanta ya cancanci a dube shi. Duk halin da kasonsa ƙarami ne, shaida ɗaya ba ta isa a kansa.

Idan littafi ya nuna maka biyu ko uku, sai hannu da ido su yi nasu aikin. Ka buɗe baki ka ga haƙoran ƙasa sun sauka daidai a kan dasashin sama, muƙamuƙin bai zarce ba bai gaza ba. Ka taɓa maraina ka tabbatar biyu ne, sun sauko, girmansu ɗaya. Mai guda ɗaya kada ya yi barbara ko da ya fi kowa kyau, domin abin yana bin jini. Ka sa a ja shi ya yi tafiya ka dubi ƙafafu da kofato. Wanda kullum shi ne mai zawo ko mai fararen idanu alhali sa'anninsa lafiya lau, ka cire shi daga lissafi.

Abin da ya fi wuya a ƙauye shi ne hana sauran yin barbara. Ga yadda muke yi wa kanmu asara: mafi kyawun rago shi ake kamawa a ɗaure a turke don layya ko kasuwa, ragowar da babu mai so su ne ke yawo a gari da rani suna bin tumakin kowa. Shekara da shekaru muna yanka na gaba muna barin na baya su haifa. Ɗan rago yana iya fara barbara tun yana wata biyar ko shida, don haka nakan raba maza da mata kafin nan. Mutane ba sa son dandaƙe rago saboda masu sayen na layya sun fi son cikakke, to a ɗaure shi daban. Damina ce lokacin da ya fi mini sauƙi, tunda dole kowa ya ɗaure dabbarsa saboda shuka. Nakan haɗa ragon da na zaɓa da tumakin a shinge guda na tsawon mako biyar zuwa shida. Tunkiya tana neman rago kusan duk kwana 17, don haka wadda ta kuskure zagayen farko za ta samu a na biyu. Baligin rago ɗaya ya ishi tumaki ashirin zuwa talatin, abin da ke nufin gida huɗu ko biyar a unguwa za su iya haɗa kai a kan guda ɗaya mai kyau. Maƙwabciyarmu, dattijuwa mai tumaki uku, da kanta ta aiko jikanta ya ce, "Baba, Inna ta ce idan za ka haɗa naka a sa da nata." Yanzu 'ya'yan tumakinta ma suna cikin littafina, kuma sun ƙara mini shaida, domin rago ba a gama saninsa sai an ga 'ya'yansa goma ko fiye daga uwaye daban-daban.

Kada rago ya daɗe har ya hau 'ya'yansa. Daga ranar da ya fara aiki, cikin shekara ɗaya da rabi 'ya'yansa mata sun isa barbara. Haɗa uba da 'ya yana sa kashi 25 cikin ɗari na wuraren gadon ɗan su zama kwafi biyu na abu ɗaya, 'yan uba ɗaya kuwa kashi 12.5. A nan ne miyagun ƙwayoyin da suke ɓoye suke haɗuwa, sai ka ga 'ya'ya raunana, haihuwa ta ragu, mutuwa ta yawaita. Ni musanya nake yi da wani mai kiwo a ƙauyen da ke da nisan tafiyar awa ɗaya a babur, wanda shi ma yake riƙe littafi. In ba shi nawa ya ba ni nasa, kowa ya karanta shafin ɗan uwansa.

Masu son haɗa Balami ko Uda da 'Yankasa su sani cewa 'ya'yan farko sukan zo da ƙarfi da juriya fiye da yadda ake zato, amma wannan ƙarin yana raguwa idan aka ci gaba da haɗa ruwa-biyun da junansu. Kuma jikin Balami da cikinsa yake zuwa. Idan harawarka ba ta kai ka ƙarshen bazara, 'Yankasa mai kyau da aka zaɓa da awo za ta fi riƙe maka jiki. Kada kuma a sa ƙaton rago a kan 'yar ƙaramar tunkiyar da ba ta taɓa haihuwa ba, na taɓa kwana a tsaye da fitila a kan irin wannan naƙudar kuma ɗan bai rayu ba. Wanda yake neman tsantsar iri ko ƙarin bayani yana iya tuntuɓar cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, ko ya fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa.

Bana mai jan zare na ware. Ɗan tagwaye ne, haihuwar bazara, uwarsa ba ta taɓa rasa ɗa ba a haihuwa huɗu. A ido akwai biyu da suka fi shi cika, har wani mai saye ya nuna su ya tsallake shi. Waɗannan biyun suna turke yanzu suna cin dusarsu, shi kuma da zarar an yi shuka zai shiga shinge.